Steve Largent: Daga Cafe Ƙwallo a Seattle Zuwa Majalisar Wakilan Amurka

Wani ɗan'uwa mai bibiyar wasanni ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji labarin wani ɗan ƙwallon Amurka da aka ce ba shi da gudu, amma ya yi ritaya alhali babu wanda ya kai shi yawan cafe ƙwallo a tarihin gasar, daga baya kuma ya zama ɗan majalisa har ya nemi kujerar gwamna. Yana so ya san ko wane ne, da yadda marar gudu zai yi fice a aikin da kowa ke ganin gudu ne jarinsa, da kuma inda rayuwa ta kai shi bayan ya bar fili.

Malam, mutumin da kake nufi shi ne Steve Largent, wanda ya yi wa ƙungiyar Seattle Seahawks wasa na shekara 14 a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, daga 1976 zuwa 1989. Labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai yana buƙatar ɗan gyara nan da can. Na daɗe ina nazarin wannan wasa da tarihin mutanensa, kuma abin da na fahimta game da Largent shi ne hali guda ne ya tafiyar da rayuwarsa tun daga farko: mutum ne da idan ya tsara hanyar da zai bi, ba ya kaucewa ko da taku ɗaya. Wannan hali ne ya ɗaukaka shi a fili, shi ne ya haɗa shi faɗa da abokan sana'arsa a lokacin yajin aiki, kuma shi ne ya yi masa suna a majalisa kafin ya zame masa cikas a zaɓen gwamna.

Ba za a gane gwanintarsa ba sai an san aikin da ake ba shi. A ƙwallon Amurka, wadda wasu ke kira zari-rugar Amurka, kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, da ƙarin yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe, kuma yadin nan shi ne dai wanda masu sayar da shadda ke aunawa, wanda ya ɗan gaza mita ɗaya. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. Idan ta yi, a sake ba ta wasu huɗun, idan ta kasa kuma ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Duk wanda ya shiga da ƙwallo yankin ƙarshe, ko ya cafe ta a cikinsa, ya ciyo wa ƙungiyarsa maki 6, abin da ake kira tacdawun. Madugun masu kai hari shi ne mai jifa, wato kwatabak, kuma a can gefe guda, nesa da turmutsitsin ƙattin da ke tsakiya, akwai masu cafewa, waɗanda aikinsu shi ne su ruga gaba su sami sarari a jefo musu ƙwallo. A nan Largent yake tsayawa.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka mai cafewa gudu kawai yake yi har mai jifa ya hango shi. Ba haka abin yake ba. Kafin kowane hari an riga an tsara wa kowane mai cafewa hanyarsa: wannan ya tafi yadi 12 ya karya kwana zuwa bakin layi, wancan ya yi taku uku ya kutsa tsakiya, wani kuma ya yi kamar zai tsaya sannan ya wuce. Mai jifa ba shi da fiye da daƙiƙa uku ko makamancin haka kafin ƙattin abokan karawa su danne shi, saboda haka yakan saki ƙwallo tun mai cafewa bai waiwayo ba, ya jefa ta wurin da babu kowa, bisa yardar cewa abokinsa zai iso wurin daidai lokacin da za ta sauko. Idan mai cafewa ya makara da rabin taku, ko ya zarce da yadi ɗaya, ƙwallo ta faɗi ƙasa ko ta faɗa hannun mai tsaro. Ashe ke nan tushen sana'ar shi ne cika alkawari, alkawarin wuri da na lokaci. Shi kuwa mai tsaro da baya da baya yake gudu, idonsa a kan ƙugu da kafaɗun wanda yake tsarewa, bai san inda za a nufa ba. Abin da mai cafewa ke nema bai wuce tazarar yadi ɗaya na tsawon rabin daƙiƙa ba, kuma ana samun wannan ta hanya biyu: ko ka fi mai tsaro gudu, ko ka sa ya jingina nauyin jikinsa a ƙafar da ba ita ba.

Largent hanya ta biyu ya ƙware a kai, har ya zama abin misali. Duk hanyar da zai bi, farkonta iri ɗaya yake nunawa, ta yadda mai tsaro ba zai iya karanta niyyarsa daga takun farko ba. Yana iya karya kwana ba tare da ya rage gudu sosai ba, yana ruɗa mutum da ido da kafaɗa, kuma yana yawan kallon fim ɗin wasannin abokan karawa har ya san ɗabi'ar kowane mai tsaro. Ga shi da hannu mai riƙo, ga iya ajiye ƙafa biyu a cikin fili a daidai bakin layi, domin a gasar NFL ba a ƙirga cafewa sai ƙafa biyu sun taɓa cikin fili. Gyara na farko ke nan ga labarin da ka ji: da aka ce ba shi da gudu, ana auna shi ne da mutanen da wasunsu 'yan tseren gasa ne. Abin da ya rasa shi ne gudun dogon zango a miƙe, amma saurin motsi a ƙaramin sarari yana da shi fiye da yawancinsu. Tsayinsa ƙafa 5 da inci 11 ne, nauyinsa kuma bai wuce kilo 85 ba, wato ƙaramin mutum a wannan wasa.

An haife shi ranar 28 ga Satumba 1954 a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, ya tashi a Oklahoma City, inda ya yi sakandare a Putnam City. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa gidan da ya tashi ba mai kwanciyar hankali ba ne, filin wasa ne ya zame masa mafaka. Babbar jami'ar jihar a wancan zamani salon gudu da ƙwallo a hannu take bi, ba ta da buƙatar irinsa sosai, sai ya tafi Jami'ar Tulsa, wadda ta shahara da jifa. A can ya ci tacdawun 14 a 1974, ya sake cin 14 a 1975, kuma a duka shekarun biyu babu mai cafewa a manyan jami'o'in ƙasar da ya fi shi. Ya kammala da digiri a ilimin halittu.

Duk da haka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1976 sai da aka ɗauki mutum 116 kafin a zo kansa. Houston Oilers ce ta ɗauke shi a zagaye na huɗu, kuma bayan 'yan wasannin gwaji masu horarwa suka yanke cewa ba zai yi ba. A daidai lokacin aka kafa sabuwar ƙungiya a Seattle, kuma cikin masu horar da ita akwai Jerry Rhome, wanda ya koyar da Largent a Tulsa, ya kuma san abin da agogon awon gudu ba ya nunawa. Shi ya matsa a karɓo shi, aka ba Houston damar zaɓe ɗaya a zagaye na takwas na shekara mai zuwa, farashin da kusan kyauta ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, domin wannan ciniki yana cikin waɗanda ake ambata har gobe idan ana lissafin asarar da ƙungiyoyi suka jawo wa kansu.

A Seattle ya tarar da mai jifa Jim Zorn, bahago, wanda shi ma Dallas Cowboys ta sallama a shekarar da ta gabata. Korarru biyu suka haɗu a sabuwar ƙungiya ƙarƙashin koci Jack Patera, suka riƙa tsayawa bayan atisaye suna maimaita hanyoyi har kowannensu ya san numfashin ɗan'uwansa. A kakar farko ƙungiyar ta ci wasa 2 ta sha kashi a 12, amma Largent ya cafe ƙwallo sau 54. Sa'a kuma ta zo masa a 1978, lokacin da hukumar gasar ta sauya doka: aka hana mai tsaro bangazar mai cafewa da zarar ya wuce yadi 5 daga layin farawa, aka kuma ƙara yawan wasannin kaka daga 14 zuwa 16. Kafin wannan doka ana iya tura ƙaramin mutum a karkatar da shi a ko'ina cikin fili muddin ba a jefo ƙwallo ba. Bayanta, mai tsara taku irin Largent ya sami sararin nuna sana'arsa. A wannan shekara ya cafe 71, ya tara yadi 1,168, aka zaɓe shi wasan taurari na Pro Bowl, na farko cikin bakwai da ya je. Ya fi kowa yawan yadi a gasar a 1979 da 1,237, ya sake yin haka a 1985 da 1,287, kuma sau takwas yana haura yadi 1,000 a kaka guda.

Mafi kusa da ya je ga kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, shi ne kakar 1983, shekarar farko ta koci Chuck Knox, lokacin da Dave Krieg ya karɓi jifa daga hannun Zorn. Seattle ta doke Denver da 31 da 7, sannan ta je Miami a ranar ƙarshe ta shekarar, inda ba wanda ya ba ta dama a gaban Dan Marino, mai jifan Miami. Ana dab da tashi Seattle tana baya, Largent ya cafe ƙwallo biyu a jere, ɗaya ta yadi 16 ɗaya ta yadi 40, waɗanda suka kai ƙungiyar bakin yankin ƙarshe, ta ci wasan da 27 da 20. Mako guda bayan haka Raiders ta fitar da su da 30 da 14. Bai sake zuwa wannan mataki ba, kuma ya yi ritaya bai taɓa buga wasan ƙarshe na kofin ba.

Abu biyu na ƙarshen zamaninsa sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka fi bayyana mutumin. Na farko shi ne yajin aikin 1987. 'Yan wasa sun ajiye aiki na kwana 24, babbar buƙatarsu ita ce ɗan wasan da kwangilarsa ta ƙare ya sami 'yancin zaɓen ƙungiyar da zai koma. Masu ƙungiyoyi suka ɗebo 'yan cike gurbi suka ci gaba da gasa na mako uku. Largent yana cikin manyan da suka koma aiki kafin a janye yajin, kamar yadda Joe Montana da Lawrence Taylor suka yi, kuma hujjarsa ta addini ce: shi Kirista ne mai riƙo, yana ganin wanda ya sa hannu a kwangila ya ɗauki alkawari, kuma ba ya halatta ya karya shi. Ranar 18 ga Oktoba ya fita a Detroit a kan 'yan cike gurbi, ya cafe 15, ya tara yadi 261, ya ci tacdawun uku, tun kafin a shiga kashi na huɗu na wasan. Ina girmama gaskiyar niyyarsa, amma ba na ganin ya yi daidai. Tauraro mai babban albashi ba shi ne mabuƙacin abin da ake yajin dominsa ba. Mabuƙatan su ne ɗaruruwan 'yan wasan da matsakaicin zamansu a gasar bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba, waɗanda ake iya sallama ranar da gwiwa ta lalace, kuma komawar manya ce ta karya lagon yajin. 'Yancin da aka nema bai samu ba sai 1993, bayan doguwar shari'a a kotu. Su kuma alƙaluman Detroit, ya kamata mai karanta su ya tuna da irin mutanen da aka yi su a kansu.

Na biyu ya faru a 1988. A wasan buɗe kaka a Denver, mai tsaron baya Mike Harden ya kai wa Largent duka da damtse a fuska yana ƙoƙarin cafewa, ya lanƙwasa ƙarfen hular kwanonsa, ya karya masa haƙora biyu, ya bar shi a sume. Hukumar gasar ta ci Harden tarar dala 5,000. A watan Disamba Denver ta zo Seattle, Harden ya tare wata ƙwallo ya kwasa da gudu, sai Largent ya taho daga gefe ya yi masa karo mai tsafta bisa doka, ya ɗaga shi sama, ƙwallo ta suɓuce, shi kuma ya faɗa kanta. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma mutanen Seattle har yau wannan karon suka fi tunawa fiye da yawancin cafewarsa.

Ni dai idan na kalli faifan dukan farko, abin da ke zuwa raina shi ne haɗarin da masu cafewa na wancan zamani suke ciki. Mutum idonsa na sama yana jiran ƙwallo, hannayensa a miƙe, wani kuma ya taho da dukan ƙarfinsa. A watan Agusta 1978, a wasan gwaji kawai, irin wannan karo daga Jack Tatum ya karya wuyan Darryl Stingley na New England Patriots, wanda ya rayu a keken guragu har rasuwarsa a 2007. Illar da ba a gani da ido kuwa, wato ta ƙwaƙwalwa, ɗan Nijeriya ne ya fito da ita fili. Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a 2002 lokacin da ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya gano lalacewar da yawan bugun kai ke haifarwa, cutar da ake kira CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Hukumar gasar ta yi ta musu na shekaru kafin dubban tsofaffin 'yan wasa su kai ta ƙara, ta amince da biyan diyyar dala miliyan 765 a 2013, adadin da daga baya aka cire masa iyaka. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da iyalansu suka bayar, suka sami cutar a 110. Dokar yau ta hana bugun kai ko wuyan mai cafewa a lokacin da ba zai iya kare kansa ba, kariyar da Largent bai samu ba a shekarunsa 14.

Ya yi ritaya a ƙarshen kakar 1989 da cafewa 819, yadi 13,089, da tacdawun 100 ta hanyar cafewa, kuma ya yi wasa 177 a jere ba tare da an tashi bai cafe ko ɗaya ba. Duka huɗun babu wanda ya kai shi a lokacin. Tacdawun na 100, wanda ya ci a Cincinnati a watan Disamba na wannan shekara, ya karya tarihin Don Hutson na 99 da ya tsaya tun 1945. Gyara na biyu ga labarinka shi ne waɗannan alƙaluma ba su daɗe a sama ba. A shekara guda, 1992, James Lofton ya wuce shi a yadi, Art Monk ya wuce shi a yawan cafewa, Jerry Rice kuma ya wuce shi a tacdawun, domin wasan kansa ya karkata ga jifa. Rice ya ƙare da cafewa 1,549 da yadi 22,895. Wannan bai rage darajar Largent ba a wurin masana: ƙungiyarsa ta jingine lambar rigarsa, 80, a 1992, an shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio a 1995, a shekarar farko da ya cancanta, kuma a 2019, da gasar ta cika shekara 100, yana cikin masu cafewa 10 da aka zaɓa a matsayin mafi gwaninta a tarihinta.

Bayan ritaya ya koma Tulsa ya shiga harkar tallace-tallace. Ƙofar siyasa ta buɗe masa a 1994, lokacin da Jim Inhofe ya bar kujerar mazaɓa ta ɗaya ta Oklahoma don neman Majalisar Dattawa. Largent ya tsaya a jam'iyyar Republican ya ci da rata mai faɗi, a shekarar da jam'iyyar ta ƙwace Majalisar Wakilai karon farko cikin shekara 40 ƙarƙashin jagorancin Newt Gingrich. A wannan zaɓen ne kuma Oklahoma ta tura wani tsohon ɗan ƙwallon, J.C. Watts, majalisa ɗaya. Hanyar ba sabuwa ba ce: Jack Kemp, tsohon mai jifa na Buffalo Bills, ya daɗe a majalisa har ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1996, kuma ɗansa Jeff Kemp ne ya jefa wa Largent ƙwallayen nan na Detroit.

A majalisa Largent ya kasance cikin masu ra'ayin riƙau na gaba-gaba, a kan rage haraji da kashe kuɗin gwamnati, da adawa da zubar da ciki, kuma yana cikin jagororin dokar 1996 da ta ayyana aure a matsayin haɗuwar namiji da mace a idon gwamnatin tarayya. Ya gabatar da ƙudirin da zai sa wa dokar harajin ƙasar gaba ɗaya wa'adin mutuwa domin a tilasta rubuta sabuwa, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a 1998 amma bai zama doka ba. Siyasar majalisa kuwa sana'ar sassauci ce, ka ba da wannan ka karɓi wancan, shi kuma yana ganin duk sassauci da shugaba Bill Clinton karya alkawarin da aka yi wa masu zaɓe ne. Saboda haka a 1997 ya shiga cikin matasan 'yan majalisar da suka yi yunƙurin tsige Gingrich daga shugabancin majalisa, yunƙurin da ya watse kafin a kai ga ƙuri'a. A ƙarshen 1998 ya ƙalubalanci Dick Armey a kujerar shugaban masu rinjaye, aka kai zagaye na uku, ya sha kaye da ƙuri'a 127 da 95. Ɗan majalisar da bai wuce shekara huɗu ba ya sami ƙuri'a 95 a kan jagoran masu rinjaye na jam'iyyarsa, wannan ya nuna ba sunan ƙwallo kaɗai yake ci ba. A watan Janairu 1999 jam'iyyar ta zaɓe shi tare da Jennifer Dunn su mayar da martani ga jawabin shekara na shugaban ƙasa. Mazaɓarsa ta sake zaɓensa a 1996 da 1998 da 2000 ba tare da wahala ba.

A watan Fabrairu 2002 ya ajiye kujerarsa don neman gwamnan Oklahoma, inda wa'adin Frank Keating ke ƙarewa, kuma kusan kowa ya ɗauka an gama. Abokin takararsa na jam'iyyar Democrat, Brad Henry, sanatan majalisar jiha ne daga garin Shawnee wanda mutane da yawa ba su san sunansa ba a farkon shekarar. Abubuwa da dama suka taru a kan Largent. Akwai ɗan takara mai zaman kansa, Gary Richardson, lauya mai kuɗi daga Tulsa, wanda ya kwashe kusan kashi 14 cikin 100 na ƙuri'u, kuma ya fi kai hari kan Largent. Akwai batun ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka kai hari New York da Washington yana can daji yana farauta a jihar Idaho ba a iya samunsa, ofishinsa kuma ya fitar da sanarwa da sunansa kamar yana sane. Da wani ɗan jarida ya matsa masa da tambaya a kan haka sai ya fusata ya yi baƙar magana a gaban kyamara, aka mayar da faifan tallar yaƙin zaɓe. Henry ya yi alkawarin kafa cacar gwamnati don tallafa wa makarantu, abin da Largent ya ƙi bisa aƙida, kuma Barry Switzer, tsohon kocin Jami'ar Oklahoma wanda mutanen jihar ke ƙauna matuƙa, ya riƙa zagaya garuruwa tare da Henry. A ranar zaɓen kuma akwai ƙuri'ar raba gardama a kan haramta faɗan zakaru, al'adar da ke da magoya baya a ƙauyukan jihar. Largent ya goyi bayan haramcin a fili, ƙuri'ar ta wuce, amma mutanen karkara da suka fito don kare al'adarsu sun jefa wa Henry. Da aka gama ƙirga, Henry ya sami 448,143, Largent 441,277, ratar ƙuri'a 6,866 cikin sama da miliyan ɗaya.

A ganina mutumin da ya saba da cewa idan ka bi hanyar da aka tsara daidai ƙwallo za ta same ka a wurin, ya shiga zaɓen yana tsammanin matsayinsa a kan kowane batu ya isa, bai ba zagayen ƙauyuka da sauraron koke irin lokacin da Henry ya ba su ba. Bai sake tsayawa takara ba. Ba shi kaɗai ne mai cafewa da kujerar gwamna ta kuɓuce wa ba, domin Lynn Swann na Pittsburgh Steelers ya nemi ta Pennsylvania a 2006 ya sha kaye a hannun Ed Rendell.

A watan Nuwamba 2003 aka naɗa Largent shugaban CTIA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta Amurka da ke Washington, aikin da ya dace da shekarun da ya yi a kwamitin kasuwanci na majalisa, wanda ke kula da dokokin sadarwa. Aikin shi ne kare muradun kamfanonin a gaban majalisa da hukumar sadarwa, musamman a kan samar musu da ƙarin zangon iskar da wayoyi ke aiki a kansa da rage harajin da jihohi ke ɗora wa masu waya. Ya riƙe muƙamin fiye da shekara 10, zamanin da wayar hannu ta tashi daga abin kira ta zama kwamfutar aljihu, har ya sauka a 2014, Meredith Attwell Baker ta gaje shi. A tsakiyar wannan lokaci, a 2006, ya yi fama da bugun jini a ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara 51, ya warke ya koma bakin aiki. Wannan zango na uku ya fi zamansa a majalisa tsawo, kuma ya kusa kai shekarunsa na wasa, ko da yake shi ne aka fi mantawa idan ana ba da labarinsa.

Alaƙarsa da Seattle ba ta yanke ba. Tun 1989 ƙungiyar take ba da lambar yabo mai sunansa kowace shekara ga ɗan wasan da ya fi nuna himma da riƙon amana. A watan Oktoba 2004 Jerry Rice, wanda ya karya tarihinsa na tacdawun, ya koma Seattle yana ɗan shekara 42, kuma lamba 80 yake sawa tun farkon aikinsa, lambar da aka jingine shekara 12 da suka wuce. Aka nemi izinin Largent, ya bayar. Rice ya sa ta a wasa 11 na sauran kakar, sannan aka mayar da ita inda take rataye a filin wasan, kuma tun daga lokacin babu ɗan Seahawks da ya sake sa ta.